Ranar da Na Sare Rodi

Ni birkila ne. Aikin da na iya ke nan, karatuna kuma bai wuce aji uku na sakandare ba, don haka mai neman manyan kalmomi ya yi haƙuri da ni. Laifina zan faɗa. Shekara tara mahaifiyata tana roƙona abu ɗaya tak, ta ga gidana da idonta kafin idon ya rufe, ni kuma ina ce mata ta ƙara haƙuri. Ni da na tayar wa mutanen Lafia bango ba adadi, na kasa kai ɗaki ɗaya nawa ga rufi. Ba rashin ƙarfi ba ne, ba kuma lalaci ba. Wani hali ne da nake da shi tun ina yaro, kuma wadda ta fara gano shi kakata ce, a Assakio, a gindin murhu.

Mahaifina tela ne a cikin garin Lafia, kakanninsa daga wajen Katsina suka zo fatauci suka zauna. Inna kuwa, mahaifiyata, 'yar ƙabilar Alago ce ta garin Assakio. Duk dogon hutu sai a saka mu a mota, ni da yayata Talatu, a kai mu wurin mahaifiyar Inna. Kaka muke ce mata. Gajeruwa ce, amma in ta yi magana gida uku ake ji. Hausarta a kasuwa ta koya, wurin sayar da agushi, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Na taɓa cewa zan gyara mata, ina ɗan firamare mai ji da kansa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mijina, ka gane maganan ko ba ka gane ba?" Na ce na gane. Ta ce, "To ya isa. Sauran ka riƙe ka kai makaranta." Mijina take kirana, irin wasan nan na kaka da jika, kuma ba ta taɓa raga mini a cikinsa ba.

Da an idar da magariba an sauke tukunyar tuwo, Kaka ba ta bari a kashe wutar. Sai ta cusa 'yan ƙananan doya cikin garwashi, ta watsa ɗanyen ganye a gefe don hayaƙi ya kori sauro, ta jawo 'yar kujerarta. Yaran maƙwabta su yi ta shigowa, 'ya'yan Alago da na Tibi, ga mu kuma da ake ce wa 'yan birni. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar doya ya haɗu da hayaƙin ɗanyen ganye, sai in ji ƙafata tana neman tabarma.

Sai dai tatsuniyar Kaka da aiki ake samunta. Tun la'asar take yayyafa wa agushi ruwa don ɓawon ya yi laushi. Duk yaron da ya zauna sai ta auna masa gwangwanin madara ɗaya a gabansa. Ka kama ƙwaya da yatsu, ka lanƙwasa bakinta, ɓawon ya tsage, farar ƙwayar ta zame, ka jefa a faifai. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ma ya tsaya, kowa ya juyo ya harare shi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda muka saba a gari. Cewa take, "Kunne ya buɗe, hannu kada ya tsaya." Mu amsa baki ɗaya, "Kunne a buɗe, hannu yana tafiya."

Kowa ɓarewa yake yadda ta zo masa. Wata ƙwayar ta fito lafiya, wata ta karye biyu, duk a watsa a faifai ɗaya. Ni kaɗai nake da nawa tsarin. Ban yarda ƙwayata ta karye ba. In ta fito sumul sai in jera ta a kan gwiwata kamar haƙora. In ta gutsure ko kaɗan, sai in faki ido in cilla ta cikin wuta, don kada a ce daga hannuna ta fito.

Wata rana wata yarinyar Tibi, Ngodoo, ta ɓare gwangwani biyu kafin a kai rabin labari. Kaka ta yaba mata, ta ba ta doya mafi girma. Abin ya tsaya mini a wuya. Na miƙe a gaban kowa na ce gobe mudu guda zan ɓare, ni kaɗai, kuma ko ƙwaya ɗaya ba za ta karye ba. Yara suka bushe da dariya. Yaya Talatu ta ce, "Kai da gwangwani ɗaya yake kai ka isha'i?" Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku bar mini mijina. Namiji ya yi magana."

Washegari ta cika mudu har ya yi tozo ta dire a gabana. Na duƙufa. Yatsuna suka yi zafi, wuyana ya ƙage. Lokacin da doya ta gasu, abin da na jera bai cika rabin gwangwani ba, mudun kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Can sai Kaka ta ɗaga hanci ta shaƙi iska.

"Wane ne yana soya mini agushi a wuta?"

Yara suka dubi juna. Ta dube ni, ta dubi gwiwata, ta gyara zama.

"Yau labarin wani manomi ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Amma kunnensa irin na mijina ne, faffaɗa."

Ga yadda labarin yake, gwargwadon abin da na riƙe.

An yi wani saurayi a wani ƙauye, shi da tsohuwarsa. Ubansa ya mutu ya bar musu kwandon irin doya ɗaya, shi ke nan gadonsu. Da ƙasa ta yi laushi mutanen gari suka fita da garma, kowa yana tara ƙasa yana yin tuli, tuli ya kai gwiwa a wuce na gaba. Wani ya karkace, wani ya yi ƙusumbi, ba mai waiwaye. A cusa iri, a ɗora masa ciyawa a ka kamar hula don rana, a tafi gida. Saurayin ya tsaya ya dube su ya taɓe baki. Ya ce shi ba zai yi wannan aikin kaji ba. Tuli ɗaya zai yi, wanda mutanen ƙetaren kogi za su hango, doyar da za ta fito ciki kuwa sai an sa tsani, gari duka ya ci shekara.

Tsohuwarsa ta ce, "Ɗana, shuka mini ko guda goma a gefe, sai ka yi babban naka." Ya ce ta jira, ba zai ɓata iri a ƙaramin abu ba.

Samarin gari suka zo masa gayya don tausayin tsohuwar. Ya kore su, wai ƙasar da suke kawowa akwai tsakuwa. Ya ɗauko rariya ya dinga tankaɗe ƙasa kamar garin tuwo. Tuli ya kai ƙugu, ya kai kai, ya wuce rufin ɗaki. In ruwa ya sauko ya zaftare gefe ɗaya, ba ya cike wurin, sai ya rushe duka ya soma daga ƙasa, don kada a ga tabo.

A nan Kaka takan sauke murya ta yi ta gafiya. "Sai gafiya ya zo da yamma ya ce, sannu da aiki maigida. Ni dai ina ɗakinka kullum, ina duba maka irin. Jiya na duba guda biyu. Yau zan duba uku." Mu yi ta dariya, don mun san irin dubawar gafiya. Saurayin ko juyowa bai yi ba, yana shafe gefen tuli da tafin hannu.

Doyar mutane ta yi yaɗo, ta hau sanda, ta yi ganye, ganyen ya bushe. Aka haƙa, aka daka sakwara, gari ya ɗauki ƙarar turmi. Tsohuwa tana zaune a ƙofar ɗaki tana jin ƙarar, cikinta yana amsawa. A ranar ne ɗanta ya gama. Tuli ya kai tsayin giginya, sumul kamar ƙwai. Ya hau can ƙoli ta bayan da ba a gani, yana shafe sawunsa yana hawa. Ya leƙo ya ce, "Inna, miƙo irin!" Tsohuwa ta ɗaga kwando ta kife. Ƙura ce ta zubo, da kashin gafiya.

Ta ce, "To sauko mu roƙi maƙwabta abin da za mu ci."

Ya dubi ƙasa, ya dubi gefen tulinsa mai santsi. Ya ce in ya sauko sawunsa zai ɓata shi.

"Bai sauko ba," in ji Kaka. "Gara ya shiga cikin tulin ya yi gida, shi ne suri da kuke gani a gona, dogo, ba a shuka komai a kai. Shi kuma rana ya gasa shi, ya ƙanƙance, kansa ya yi ja. Gobe ku duba kan suri za ku gan shi. Ƙadangare. Yana ɗaga kai yana saukewa, yana duba ko wurin ya miƙe." Ta tafa hannu sau ɗaya. "Na sauke kayana a nan. Mai so ya ɗauka."

Yara suka juyo gare ni suna gyaɗa kai irin na ƙadangare, suna kirana da sunan. Da wani yaron ne, kuka zai yi. Ni miƙewa na yi, ƙwayoyin da na jera suka zube.

"Amma tulinsa ya fi na kowa!"

"Ya fi," in ji Kaka. "Je ka gutsuro ka ci."

"Da ni ne, da na gama kafin gafiya ta cinye irin."

"Shi ma haka ya ce."

"Su sauran ai ba wanda ya san sunansu. Shi ne ake ba da labarinsa."

Kaka ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ku ji mini miji! Wannan in na biye masa da yunwa zan mutu a gidansa. Na sake ka, Ngodoo ma ba zai aure ka ba."

Da safe ta kira ni wurin dutsen niƙa. Ta sa na tsince ƙwayoyina masu kyau na kawo a hannu. Ta zuba su kan na kowa, karyayyu da gutsattsu, ta ɗora ɗan dutse ta murza sau uku. Ta ce, "Nuna mini naka." Na leƙa, duk ya zama gari ɗaya. Ranar na ƙi cin miyar agushin, na ci gayan tuwo ina hararar kowa. A raina kuwa cewa nake, tsohuwa ce, ba ta san abu mai kyau ba.

Ta sha maimaita tatsuniyar nan a hutun da suka biyo baya, kuma duk lokacin sai ta ƙara wa saurayin wani abu nawa. Wata shekara yana da wushirya, wata shekara yana goge takalminsa da bakin riga. Ni ma ban taɓa fasa tsaya masa ba. Har Kaka ta rasu ina aji biyu na sakandare, ba mu shirya a kan maganar ba.

Da na bar makaranta na shiga aikin gini, halin nan ya yi mini rana, ba zan ɓoye ba. Bangona ba ya karkata. In na ja igiya na ɗora bulo, ko injiniyan da ya yi jami'a ya sa ma'auni sai ya gyaɗa kai. Har aka laƙaba mini Injiniya, sunana Haruna ya ɓace. Amma a aikin mutane akwai mai gida a tsaye, yana cewa ya isa haka, a wuce. Da na sami fili nawa a Azuba, lokacin unguwar duk gonakin rogo ce, sai ya zama babu mai ce mini ya isa.

Abin da kowa yake yi a wurinmu sananne ne. Ka tayar da ɗaki biyu, ka buga kwano, ka rataya labule, ka shiga da iyalinka. Shekara ta zagayo ka ƙara ɗaya. Filasta da fenti sai Allah ya hore. Ni na ce ba zan yi wannan ba. Na zana bene da hannuna a bayan kalanda, ɗaki goma sha biyu, da baranda ta zagaye, da ɗakin Inna a ƙasa mai taga biyu. Na haƙa tushe mai zurfin da maƙwabta suka zo kallo. Na zuba ginshiƙai, na bar rodi tsaye a kansu yana kallon sama. Wanda ya san gini ya san ma'anar wannan: mai gidan yana faɗa wa duniya cewa bai gama ba, akwai wani hawa a sama.

Bulo da kaina nake bugawa ran Lahadi. Wanda kusurwarsa ta gutsure in fasa shi. Bangon gabas sau uku ina rushe shi, na farko don ya kauce da kaurin yatsa, na biyu don na canza wurin taga, na uku ban ma iya tuna dalili ba. Abokan aikina suka ce za su zo mini gayya Lahadi biyu su kai mini gini linta, wato saman ƙofa da taga. Na ce na gode. A raina na san hannunsu, ban yarda da shi ba. Matata Hajara ta haifi yara uku a ɗakin haya, ruwa yana shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa. Tun tana tambaya har ta daina.

Inna kuwa, bayan rasuwar mahaifinmu, ta koma Assakio ɗakin Kaka na ƙasa. A can ciwon ido ya kama ta. Muka kai ta asibiti, likita ya ce irin wanda ba ya komawa baya ne, magani sai dai ya rage masa gudu. Duk zuwan da zan yi sai ta riƙe hannuna.

"Haruna, yaushe zan ga gidan nan?"

"Inna, saura kaɗan. So nake ki gan shi a game."

"Ko ɗaki ɗaya ne ka rufa mini. Ni ba bene zan hau ba."

"Haba Inna, a ce Injiniya ya sa uwarsa a kango?"

Sai ta saki hannun. Na faɗi wannan maganar ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ina jin kaina ɗa mai son uwarsa. Yanzu na san sunana nake karewa.

Wata Lahadi da hantsi ina tsaye a kan bangon gabas, na ɗora ma'auni a kan linta. Na sunkuya na duba, na ɗago na hangi ɗaya kusurwar, na sake sunkuyawa. Ban ji tsayuwar babur ba. Muryar Yaya Talatu kawai na ji daga ƙasa.

"Ƙadangare! Sauko."

Shekara talatin rabon da wani ya kira ni haka. Na dube ta zan yi faɗa, sai na ga ba wasa a fuskarta. Ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Daga Assakio nake. Jiya da magariba Inna ta ce mini in kunna fitila. Haruna, fitilar tana kunne a gabanta."

Na ce, "Yaya, bari in gama duba wannan layin."

Wallahi haka na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Yaya ta tsaya tana kallona, ni ma na ji abin da bakina ya faɗa. Ga ni a ƙoli, ga ma'auni a hannu, ga tsohuwa tana jira. Ban bi ta tsani ba, dirowa na yi, har na gurɗe ƙafa.

Da la'asar na je wurin Tersoo, kafinta ne, Batibe, mun yi aiki tare a wurare da yawa. Na ce gobe ya zo ya buga mini kwano a ɗaki biyu na gabas. Ya cire fensir daga bayan kunne ya dube ni.

"Oga Injiniya, kai ne ko wani? Wannan wurin ai na bene ne. Rodi yana tsaye a kan ginshiƙi, ina zan sa katako? Sai dai in mun huda kwano rodi ya fito ta sama, kuma ruwa zai bi shi ya shiga ɗaki."

"Za a sare rodin."

"A sare? Oga, in ka sare shi, bene ya tafi fa. Mutane za su yi magana, ka sani ko?"

"Su yi. Kai dai kawo katako."

Da kaina na hau da zarton ƙarfe. Ban ba kowa ba. Rodi goma sha shida ne a kan ginshiƙai huɗu na wannan ɓangaren, kowanne na san ranar da na ɗaure shi. Ina sara maƙwabta suna taruwa. Wani ya ce, "Injiniya, lafiya? Ko an sayar da filin ne?" Wani ya ce, "Ashe benen a baki ya tsaya." Ina ji ban ɗago ba. Na farko ya yi mini ciwo kamar yatsana nake yankewa. Wajen na goma sai na ji numfashina yana sauka har ciki, irin yadda na daɗe ban ji ba.

Na kira abokan aikin nan da na raina hannunsu. Ba wanda ya tuna mini, sai ɗaya da ya ce, "Yau za ka bar mu mu taɓa bangon mai tsarki?" Suka cike abin da ya rage a kwana biyu. Kusurwar da ke bayan ƙofa ta kauce, ina gani da idona tun daga nesa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na cusa shi a aljihu na fita waje. Kwana tara aka buga kwano, aka sa ƙofa da taga, aka yi daɓen siminti. Ba filasta, ba silin, ba fenti. Hajara ta share, ta shimfiɗa leda, ta ɗaura labulen ɗakinmu na haya.

Ranar da muka ɗauko Inna rana ta take sosai. Muka sauko da ita daga keke mai ƙafa uku a bakin hanya, ni a dama Yaya a hagu. Ta tsaya ta ɗaga fuska tana juya kai a hankali, kamar mai neman inda sauti yake fitowa. Can ta tsayar da kan.

"Wancan farin abin da yake walƙiya, shi ne?"

Sabon kwano ne rana ta doka.

"Shi ne, Inna."

"To, na gani. Alhamdu lillahi, na ga gidan ɗana."

Iyakar abin da ta gani ke nan, hasken kwano. Ba ta ga ƙofa ba, ba ta ga taga biyun da na yi mata ba, ba ta ga fuskar jikokinta a bakin ƙofar ba. Da na yi wannan aikin na kwana tara shekara biyar da suka wuce, da duk ta gani. Wannan ba abin da zai gyara shi, kuma ban nemi kowa ya lallashe ni a kai ba. Na roƙi gafararta a ranar, na roƙi ta Hajara, ina kuma roƙon ta Allah har gobe.

Da muka shiga ta bi bango da tafin hannu tana shafa bulo ɗaya bayan ɗaya. Ta kai kusurwar bayan ƙofa. Bakina ya riga ni, na ce, "Wurin nan ya ɗan kauce, Inna, zan gyara."

Ta ce, "Ka taɓa shi ka gani, in ban koma Assakio a ƙafa ba."

Na daɗe ina tunanin gardamar da muka yi da Kaka. Har yau ban janye duka ba. Ban yarda cewa son abu mai kyau laifi ne ba, kuma ba zan fara ɗora wa mutane karkataccen bango don a ce na yi hankali ba. Wanda yake jiran in ce babban buri haram ne zai daɗe yana jira. Abin da ban gane ba ina yaro shi ne, duk tsawon tatsuniyar nan idona yana kan saurayin da tulinsa. Ban taɓa duban tsohuwar da ke ƙofar ɗaki ba. Kaka kuwa ita take nuna mini tun farko. Burin nawa ne, amma jiran ba ni na yi shi ba. Inna ce ta yi, da Hajara, da yara uku a ɗakin da ruwa yake shiga. Ban taɓa tambayar ko ɗayansu ba ko ya yarda ya jira.

Halin bai mutu ba, kada in yi ƙarya. Kwanan baya na kama kaina ina zana katanga mai ado a bayan takardar makarantar ɗana, alhali banɗakinmu ko ƙofa ba shi da ita, buhu ne a rataye. Na ninke takardar, na je na sa ƙofar. Haka nake fama da shi, yau in ci, gobe ya ci.

Yanzu Azuba ta cika, benaye sun kewaye mu ta ko'ina. Nawa ne gajere a layin, ɗaki biyu a kan tushen da zai ɗauki goma sha biyu, sauran ginshiƙan suna tsaye a fili Hajara tana ɗaura igiyar shanya a jikinsu. Masu wucewa ba sa rasa abin faɗa. Shekaranjiya ma wasu tsofaffin abokai suka tsaya da mota a ƙofar, ɗaya ya leƙo yana dariya yana ɗaga murya.

"Injiniya! Shekara nawa yanzu? Yaushe za mu hau benen nan ne?"

Ina zaune a kan bulo ina wanke ƙafa. Ban tashi ba. Na nuna masa tagar gabas da butar da ke hannuna.

"Rage murya, malam. Inna tana barcin rana a ciki."